Sosunan Yaya Habu

Ina tsakar gida a Dukawuya, hannuna cikin bokiti, Malam Sule abokin aikin Yaya Habu ya yi sallama a zaure. Da na ji muryarsa na san ba lafiya, don bai taɓa zuwa da hantsi ba. Ya ce, "Binta, sai haƙuri. Habu ya yanke jiki ya faɗi a gefen mota, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa." Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Sana'arsa goge motoci a wajen Ƙofar Kabuga, da inji mai juyawa wanda ake manna wa soso a shafa mai, fenti ya fito kamar sabo. Da mijina ya rasu, shi ya ɗauko ni ya ba ni ɗaki. Ban daɗe ba ya shigo da sosunan nan a leda, duk sun daskare da mai, ya ce, "Ƙanwata, na rasa mai wanke min waɗannan. Ki taimake ni."

Shi ya koya min. Ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, kada gam ɗin baya ya saki. Ba a murɗewa, matsewa ake yi tsakanin tafin hannu har ruwan ya fito fari. A shanya a inuwa, a kan faifai. Ranar da ɗaya ya suɓuce min ya faɗi ƙasa, bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Sake wanke shi, Binta. Ƙwayar yashi ɗaya sai ta zane motar mutum, kuma amana ya ba mu." In na kai masa su da safe yakan ce wa matarsa, "Kin ga injiniyar gidan nan?"

Haka na zauna ina cin tuwon gidansa kaina a ɗage, ina ganin da hannuna a ciki.

Wajen zaman makoki na tambayi Malam Sule wa zan riƙa kai wa sosunan yanzu. Sai ya ce, "Hajiya, ai muna da famfo a can, kowa nan take yake wanke nasa. Shi kaɗai yake kai nasa gida. In mun tsokane shi sai ya ce a bar wa ƙanwarsa."

An sayar da injin. Matarsa za ta koma gidan iyayenta da yara in ta gama takaba, gidan kuwa na haya ne. Ban san inda zan nufa ba, kuma ba na jin akwai wanda zai sake roƙona taimako don kawai in zauna ban ji kunya ba.

Allah Ka jiƙan Yaya Habu, Ka yafe masa, Ka haskaka kabarinsa. Ka raya 'ya'yansa, Ka ba matarsa haƙuri. Yadda ya rufa min asiri, ya Allah Ka rufa masa. Amin.