Igiyar Bayawuri a Ƙofar Ruwa

Na ga abubuwa a duniya. Na ƙetare hamada a bayan mota, na kwana da yunwa a ƙasar da ban san kowa ba. Amma ko mantuwa za ta kwashe komai, ƙofar ruwan nan ta birnin Guwanzu, can gabas mai nisa, ba za ta bi ta ba.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne, lokacin baƙar fata ba mu da yawa a garin. Ni da abokina, wani Bayawuri ɗan masunta, muka sayo kwalayen farantan tangaran a bayan gari. Duk abin da na mallaka yana cikin kwalayen nan. Wata tsohuwa ta ɗauko mu a jirginta, ta wata siririyar hanyar ruwa mai fita babban kogi.

Sai muka shiga tsakanin bango biyu. Ƙofar ƙarfe a gaba, aka rufe wata a baya.

Bayawuri ya yi abin da ubansa ya koya masa: jirgi in ya tsaya, a ɗaure shi tam. Ya ƙulla igiya a turken bango.

Na ce, "Malam, bar wa masu ƙofar aikinsu."

Ya ce, "Kai ɗan tudu, me ka sani? A ruwa aka yanke min cibiya."

Sai ruwa ya fara sauka. Ba iska, ba ƙara, bango kawai ke ƙara tsawo. Jirgi ya bi ruwa, igiya ta ƙi. Gefe ɗaya ya rataye, kwalayena suka fara zamewa. Tsohuwa ta kwarara ihu, "Lawban! Lawban!" wato maigida. Ta zaro wuƙar girki, ta kai wa igiyar sara ɗaya. Jirgi ya faɗo ya daidaita. Kwali guda ne ya tafi.

Da ruwa ya gama ja, tsoffin duwatsu suka bayyana a ƙasan bangon, igiyoyin shekara da shekaru sun cinye su kamar bakin rijiyar garinmu. Tsohuwa ta sa yatsa cikin wani gurbi, ta dafa ƙirjinta, ta yi ta jefa hannu baya. Uba, kaka, kakan kaka. Ban yi boko ba, amma wannan na karanta. Mutane ne suka haƙa hanyar, suka koya wa ruwa sauka kamar mai bin matakala.

Ƙofar gaba ta buɗe, ga kogi shimfiɗe. Bayawuri ya ce a hankali, "Wallahi ruwan nan ba irin namu ba ne."

Ƙullin da ya cece ka a gida shi zai kifar da kai a wani wuri. Tun ranar, in na sauka baƙon gari, ba na taɓa komai sai na ga yadda masu wurin ke riƙe igiyarsu.