Tasalla Mai Daddawa da Takardar Masu Bincike

Tasalla mai daddawa ƙanwar mahaifiyata ce, kuma ban taɓa ganin mace mai taurin kai irinta ba. A Yasore ta yi aure, ta haifi bakwai, ta binne miji. Shekarar da 'yan bindiga suka hana noma ta kwaso tukwanenta ta dawo Batsari, ta kama ɗaki a gidanmu. Ciwon suga irin na manya ya riga ya kama ta tun kafin nan. Da magani ya yi tsada, sai ta koma shan ƙwaya yau, gobe ta huta. Ƙafafunta suna zogi, ganinta yana raguwa, amma ba ta fashin kasuwa.

Wata rana aka yi shela cewa masu bincike daga wata jami'a sun zo asibiti, suna neman masu ciwon suga da damuwa ta yi wa yawa. Wanda aka ɗauka za a riƙa duba shi, a ba shi magani kyauta har wata shida. Ni na raka ta, don na san maganin nan ne kaɗai zai tsare mata idonta.

Wata ma'aikaciyar jinya mai suna Hadiyya ta zaunar da ita, ta ɗauko takarda. Shekaru sun yi daidai, awon jini ma ya nuna ciwon. Saura tambayoyin abin da ke zuciya. Ko ciwon yana sa ta baƙin ciki? Ta ce alhamdulillahi. Ko tana tsoron abin da zai zo? Ta ce Allah na nan. Ko barci yana gagarar ta? Ta ce ana taɓawa. Na zungure ta, ta ture hannuna. A wurinmu babbar mace ba ta zama gaban baƙuwa ta yi ƙorafin abin da Allah Ya ɗora mata. Hadiyya ta haɗa maki, ta ce damuwar ba ta kai yadda ake nema ba. Maƙwabciyarmu Kande kuwa, da ta ɓarke da kuka tun a tambayar farko, an ɗauke ta.

Na ji haushi ƙwarai. Kwana biyu ina yi wa Tasalla magiya, sannan na je na roƙi Hadiyya, ta yarda za ta sake tambayar ta. A hanyar komawa asibiti na yi ta koya wa Tasalla abin da za ta ce.

Wannan karon ta ɗan saki baki, ta amsa cewa barci yana wuya, abinci ma sai wanda aka samu. Sai aka zo kan ko tana jin ciwon ya fi ƙarfinta, ta yanke ƙauna. Hadiyya ta ce, “Inna, gaskiyar abin da kike ji kawai za ki faɗa.”

Tasalla ta gyara zama ta ce, “Ɗiyata, rubuta. Ƙafa na ciwo, ido na tahiya, gonata na hannun wasu. Duk rubuta. Amma ban yanke ƙauna ba, kuma ba ni cewa na yanke don a ba ni ƙwaya.”

Makin bai kai ba. Na fito ina share hawaye, takaicinta da tausayinta duk sun cika ni. Da muka zo tsallaka titi ta kama gefen mayafina, abin da ba ta taɓa yi ba, tana yi mini faɗa wai na cika nawa, rana na yi, ga kalwa tana jiran ta a kan wuta.