Mijina da Kalmarsa Ɗaya

A shekarun da mulki ya dawo hannun farar hula, Abuja ta cika da gine-gine. Ko'ina ka duba bulo ne da yashi. Maigidana birkila ne, aiki ba ya yanke masa. Ni kuma ina sayar da tuwo da shinkafa a bakin tashar Nyanya. Mu Kirista ne tun daga gida, muna sujada a wata ƙaramar majami'a ta Hausa mai rufin kwano.

Wata safiya ya sunkuya zai sa takalmi, sai ya kife. A asibiti aka ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin dama. Bai mutu ba. Ƙafa ta ɗan dawo, hannu ya ƙi, magana kuwa ta tafi. Kalma ɗaya tak ta rage masa a baki: tukuna.

"Maigida, za ka ci abinci?"

"Tukuna."

"Ruwa fa?"

"Tukuna."

Alhali ƙishi yake ji. Sai da na koyi sauraronsa kamar sabon yare. In ya faɗe ta a gajarce, e yake nufi. In ya ja ta, a'a ke nan. In ya faɗa ido a rufe, wani wuri na yi masa ciwo.

Nas ɗin da ta sallame mu ta ce in ba shi magani kullum ba fashi, in riƙa nuna masa abubuwa ina kiran sunansu. Na tambaye ta ko bakin zai dawo. Ta ce, "Mama, ban sani ba." Na ji daɗin da ba ta yi mini ƙarya ba.

Ban bar shi a ɗaki ba. Kowace safiya nakan wanke shi, in riƙo shi har rumfata, in zaunar da shi a benci bayan tukwane. In ɗaga ludayi in ce ludayi. In ɗaga kwano in ce kwano. Ya dube ni ya ce tukuna. 'Yan kamasho suka saba da shi. In sun zo cin abinci sai su ce, "Oga, motar Zuba ta cika?" Ya ce, "Tukuna!" Su fashe da dariya. Da farko na so in watsa musu ruwan wanke-wanke. Sai na ga shi ma yana dariya da rabin bakinsa, na ƙyale su.

Babban ɗanmu direban wani oga ne a ma'aikatar gwamnati. Ya bar majami'armu ya koma wata babba a cikin gari, inda ake wa'azi da Turanci ana ihu a lasifika. Yaro ne mai tausayi, ganin ubansa a haka yana cinsa. Wata Lahadi da yamma ya zo mana da wani matashin fasto mai kwat da turare.

Faston ya ɗora wa maigida hannu ya yi addu'a har gumi ya jiƙa masa wuya. Sannan ya ce, "Baba, ka ce na warke."

"Tukuna."

"Ka ce na karɓa!"

"Tukuna."

Faston ya juyo gare mu. "Kun ji? Ba Baba ke magana ba. Ruhun jinkiri ne ya zauna masa a harshe." Ya ce suna da gidan addu'a a kan wani dutse wajen Tungan Maje. A kai shi can, ya yi azumi, a ajiye magani gaba ɗaya, don shan ƙwaya alama ce ta shakka.

Na ce mai hawan jini ba ya barin magani.

Ɗana ya ce, "Mama, wannan haƙurin naki ba bangaskiya ba ce. Kin saba da wahala ne kawai, har ba kya sa ran komai."

Na sha zagi a tasha, na sha na masu karɓar haraji, amma ba abin da ya taɓa shiga jikina kamar wannan. Ya ce zai zo da mota ranar Asabar.

Duk makon ina tuƙa tuwo ina juya maganar. Tsoro ya kama ni, kada a ce yaron gaskiya ya faɗa, ni ce na tare wa mijina hanya. Ni ban yi boko ba, ban iya doguwar addu'a ba. Tawa gajeriya ce: Ubangiji, ga shi nan, ga ni nan. Ranar Juma'a na ɗaga ludayi a gabansa kamar kullum, sai na tsaya da hannuna a sama. Na tambayi kaina, me ya sa nake wannan? Wanda ya fid da rai ba ya nuna wa mutum ludayi wata da watanni. Da ban gaskata Allah zai buɗe bakin nan ba, da tuni na daina. Nan hankalina ya kwanta.

Asabar suka zo, ɗana da faston. Na ce a tambayi mai jikin, ai ba gawa ba ne.

"Maigida, za ka bi su?"

Ya kama ƙarfen gado da hannunsa mai lafiya, ya ja kalmar nan har numfashinsa ya ƙare.

Na ce, "Ya ce a'a."

Faston ya ce, "Mama, ruhun ne."

Na ce wa faston, "Ɗana, tun ba a haife ka ba nake jin muryar mutumin nan. In addu'a za ku yi, ga tabarma, ku yi a nan. Allah ya san hanyar Nyanya."

Na tsaya a bakin ƙofa. Ni ba ƙaramar mace ba ce. Suka tafi. Ɗana ya ɗauke ƙafa, sai dai ya aiko da gaisuwa ta bakin direbobi. Ya yi mini zafi, amma ban aika a kira shi ba.

Damina ta wuce, wata ta zo. Magani kullum, ludayi kullum. Matan zumunta na majami'armu sukan zo su yi mana waƙa, sai in ga yana bin su da murya ba kalmomi. Wata rana ya nuna randa ya ce "uwa." Na ba shi ruwa, na koma bayan rumfa na share fuskata, na dawo na ci gaba da zuba wa mutane miya. Bayan wannan "kwano" ta fito, sai "zo", sai "bari". Ɗaya-ɗaya, wata ma ta zo yau gobe ta ɓace.

Da Kirsimeti ɗana ya dawo. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa, ban tayar da tsohuwar magana ba. Na zuba musu tuwo da miyar kuka shi da ubansa. Ta maigida dabam nake yi, don likita ya hana shi gishiri. Ya kai loma ɗaya da hannun hagu, ya tauna, ya ɓata fuska. Ya leƙa kwanon ɗansa, ya dube ni, bakinsa na rawa.

"Miya... ba... gishiri."

Ɗana ya saki lomarsa. Ya rufe fuska yana kuka kamar yaron goye, yana cewa, "Mama, kin ji? Mama, kin ji?"

Na ji. Na yi wa Allah godiya a zuciyata, gajeriya irin tawa.

Hannun dama bai dawo ba, bai sake hawa gini ba. Amma ya rayu shekaru bayan haka, yana gaisawa da mutane, yana gardama da 'yan kamasho, yana amsa amin a majami'a da bakinsa.

A ranar dai ya ture kwanon, ya sake cewa ba gishiri, wannan karon da fushi. Na mayar masa da kwanon gabansa.

Na ce, "Na ji ka sarai, Maigida. Ba za ka samu ba. Ci."