Munduwar Inna a Hannun Yaya Laminu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, goma ga watan Sha'aban, 1949, da hantsi, aka kashe yayana Laminu a wata gona kusa da Jajimaji. Ni ƙanwarsa Zainabu, ni na aike shi.

Yaya, ka dawo daga yaƙin Bama da ƙarfen nan na neman nakiya, mai faranti a baki, mai kuka a kunne in ya ji ƙarfe a ƙasa. Mutanen Nguru suka yi ta dariya, wai Laminu na sharar daji. Dariyar ta tsaya ran da ka tono tukunyar tsofaffin kuɗin azurfa a wani kufai, ka bi gida gida har Gashua, sai da ka sami jikokin mai ita. Wata tsohuwa Meram ta zubar da zobenta a bakin kogi, kwana uku kana bin yashi har ka samo mata shi, ka ƙi karɓar ko goro.

Shi ya sa na dame ka. Inna ta binne munduwarta ta azurfa a gindin tsamiya shekarar da suka gudu daga ƙauyensu, ta rasu tana ambatonta. Yanzu wurin ya zama gonar wasu. Ka ce, "Zainabu, bari a yi sallama da masu gonar tukun." Na ce, "Kayan uwarmu ne, Yaya, izinin wa za ka nema?"

Ban san geron mutanen nan ya mutu shekara biyu ba. Ban san boka ya gaya musu wani ne ke binne musu asiri ba. Suka gan ka durƙushe kana tono ana gab da shuka, da abu a kunnuwanka. Ba ka ji zuwansu ba. Fartanya suka fara sauke maka a ƙeya, sannan sanduna. Suka karya haƙarƙarinka, suka fasa bakinka, suka ragargaza ƙarfen da dutse. Harsashi bai same ka a Bama ba, su bakwai suka gama da kai a kan ramin da bai kai kamu ɗaya ba.

Masu wanka sun ce da ƙyar suka buɗe hannunka na dama. Munduwar tana ciki, da ƙasa da jini. Ban wanke ta ba, ba kuma zan sa ta ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya karɓe ka cikin shahidai, Ya sada ka da Inna. Fanna, matar yayana, Allah Ya ba ki haƙuri, ke da 'ya'yanki da dukan dangi. In kin iya, ki yafe mini.