Malam Bunu da Hoton Mati

Kowace safiya, kafin ya buɗe shagonsa na bakin tashar Minjibir, Malam Bunu mai hoto sai ya kafa tsani ya hau rufin kwano. Ba yoyo yake dubawa ba. Gutsattsarin hotuna ya shanya a rana, kowanne da irin man kariyar da ya fesa masa, don ya ga wanda zai fara koɗewa. 'Yan tasha sun sha tsokanarsa wai kilishi yake yi da fuskokin mutane.

Ya san tawadar firinta ba ta da juriya. Ɗigon ruwa ɗaya ya ishe ta, matan ƙauyenmu kuwa, Allah ya bar mana su, da jiƙaƙƙen tsumma suke goge komai.

Haka Hure ta yi wa hoton mijinta Mati, wanda ya rasu kafin ta haihu. Hoton ke nan ɗaya tal. Ta shigo shago goye da jaririya, gefen hular mamacin ya riga ya zube.

"Malam, fesa masa mai ƙyallin nan yanzu, kar sauran ya tafi. Ikilima fa ba ta san ubanta ba."

"Ba zan fesa ba, Hure. Me kike kunnawa a ɗakinki?"

"Turaren wuta mana."

Ya ɗauki hoton da kyamara, ya gyara hular a kwamfuta, ya wanke gwaji uku. Da tawadar ta bushe sarai, ya fesa wa kowanne irin mai daban. Ya ce ta rataye su inda hayaƙi ke bi, ta riƙa goge su da tsummanta har wata biyu. Hure ta fita tana faɗa, wai ko jakin kai taki bai kai mutumin nan taurin kai ba. Ni ma shaida ne, ba ƙarya ta yi masa ba.

Da wata biyun suka cika, mai ƙyallin da ta nace a kai ya koma ruwan ɗorawa. Na biyu ya tsattsage. Na uku, marar sheƙi, ko gezau bai yi ba. Shi ne Malam ya zaɓa, ya wanke mata sabon hoto, ya fesa masa kaɗan-kaɗan har sau uku.

Bana idanun Malam sun yi rauni, zai ajiye sana'a. Malam Bunu, kai ne ka gwammace a zage ka yau da a yi kuka gobe. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu sana'a, ku koyi gwada abu kafin ku ɗora shi a kan amanar mutane.

Ranar da muka taru yi masa addu'a, Ikilima, mai shekara sha uku yanzu, ta zo rungume da hoton. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta nuna bakin mahaifinta.

"Baba Bunu," in ji ta, "ka ga wushiryarsa? Irin tawa ce sak."