Tulun Malam Sharfaddeen

Ƙarfe bakwai na safe Malam Sharfaddeen yake jingine kekensa a gindin dalbejiyar makaranta. Ya buɗe ofis, ya share da kansa, ya zauna da rajista. Ɗalibin da ya yi kwana uku bai zo ba, a na huɗu za a ga keken a ƙofar gidansu. Shekara ashirin da shida ke nan. Ƙarshen zangon nan zai ajiye aiki.

Sakandare ce ta jeka-ka-dawo, mutanen garinmu suka gina ta a yankin Mainika. Kujera sittin gare ta a ajin farko. Masu nema kan haura ɗari biyu: 'ya'yan manoma daga Jama'a, 'ya'yan 'yan kasuwa, 'ya'yan masu shanu daga Masanawa. Malam ke ɗaukar ɗalibai, kuma ba ya karɓar wasiƙar kowa. Duk wanda ya gama firamare, a rubuta sunansa a 'yar takarda, a naɗe, a jefa cikin tulu. Inna Yelwa mai ƙosai ke zaro sittin a gaban jama'a, don ba ta iya karatu ba.

"Ko sunan jikana na riƙe ban sani ba," takan ce. "Kada wanda ya harare ni."

Shekarar da aka ɗauke mu, tulun makaranta ya fashe da safe. Aka juye ruwan tulun Inna aka kawo. Aka zaro sittin. Sunan Fiddausi, 'yar Malam ta fari, ya fito. Aka yi addu'a aka watse.

Malam ya tsaya kamar yadda ya saba, ya zazzage ragowar ya ƙirga. Takarda ɗaya ba ta fito ba. Ya zura hannu, ya same ta manne can a kafaɗar tulun, inda laima ta riƙe ta. Badi'a Jalo, daga Masanawa. Ba faɗuwa ta yi a ƙuri'a ba. Ba ta shiga ba ne sam.

Ya kai maganar wurin shugaban kwamitin makarantar, Alhaji Zayyad, wanda daga bakinsa muka ji yadda suka yi.

"Wa ya gani?" in ji Alhaji.

"Ni."

"To, Malam, ka bar shi haka. Ko ta faɗa ciki, wa ya ce za ta fito?"

"Babu. Amma ubanta ya tako tun daga Masanawa, ya tsaya a rana yana jiran abin da babu shi."

"A sake ƙuri'a? Gida sittin sun gama murna. Ƙarin kujera kuwa, kai ka rubuta dokar da ta hana."

"Akwai kujera ɗaya da nake da iko da ita."

Washegari ya hau keke sai Masanawa. Ya tarar da Jalo, uban Badi'a, yana ba shanu dusa. Da aka gama gaisawa ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Haba, Malam," in ji Jalo. "Mu ci rabon 'yarka?"

"Ba kyauta na kawo ba. Ni na zuba takardu a jiƙaƙƙen tulu."

Badi'a ta zauna a gabana a aji shekara shida. Yanzu tana koyon aikin jinya. Fiddausi kuwa shekara shida ta yi tana zuwa wata makaranta a Kabo, damina da rani. Wata biyu ta yi ba ta haɗa ido da ubanta. Ban ga laifinta ba. Kuskuren ba nata ba ne, ita ta biya. Har yau ina juya abin a raina, shi ma bai taɓa cewa an yi mata adalci ba.

Amma Malam, kai ne ka zura hannu a lokacin da kowa ya tafi. Kai ne ka ga sunan 'yar wanda ba zai taɓa sani ba, ka ƙi murƙushe shi a aljihu. Mai tulu, saboda kai ɗan mai shanu da ɗan Alhaji suke benci ɗaya ba wanda ya yi wa wani alfarma. Mun gode. Allah ya saka maka. Wanda zai gaje ka, da duk mai riƙe da ƙofar da mutane ke layi a bakinta, ya riƙa laluba cikin tulunsa kafin ya tashi.

Tun daga waccan shekarar, kwana uku kafin ƙuri'a Malam yake kife tulun a rana. Bana gwiwa ta hana shi sunkuyo. Shekaranjiya na wuce ta makarantar, na gan shi zaune a kan benci yana nuni da sanda. Fiddausi ce take kife shi.