Tsinin da Saleh Maƙeri Ya Ɓoye

Duk wanda ya taɓa kai zobe gyara a Majidaɗi ya san Malam Saleh maƙerin zinariya, ya kuma san bakinsa. A Legas ya koyi aiki yana saurayi, ya dawo Jalingo da sunayen yankan daimon fal kansa, ya bi su ɗaya-ɗaya ya raɗa musu na Hausa. Zagayayye shi ne idon kifi. Mai kusurwa huɗu a lanƙwashe matashi ne, mai tsini biyu kuwa kwalekwale, irin na masuntan Lau. Sai hawaye, gindi a zagaye, kai da tsini. Ko gilashin kasuwa ka kai masa sai ya yi maka wannan karatun, kana so ko ba ka so, ya rufe da cewa daimon ba ya fashewa ko da guduma.

Daimon na gaske kuwa, a shekara talatin bai riƙe goma ba.

Wata Talata Caroline, malamar firamare daga Nukkai, ta kawo zoben da wata likitar mishan ta ba marigayiya mahaifiyarta. Hawaye ne, na gaske, yana girgiɗa a mazauninsa.

"Baba, ka matse mini shi," in ji ta. "Shi kaɗai mamana ya bar mini."

Bayan ta tafi, maimakon ya lallaɓa da awartaki, sai ya ɗauki 'yar guduma. Bugu na uku ya ji ƙas! Tsinin ya ɓalle. Maigidansa na Legas ya sha gaya masa cewa tsini shi ne lagon dutse, amma cika bakinsa ya daɗe da danne wannan darasin. Ya tsince guntun ya naɗe a 'yar takarda. Ya narka zinariya ya yi wa wurin 'yar hula, har zoben ya fi dā kyau.

Da Caroline ta zo karɓa, ta yi murna kamar me. Ranar Lahadi ta miƙe a coci ta ba da shaidar amanarsa, mata suka yi ta kawo masa aiki. Har bandar kifi ta aiko masa. Matarsa Furera ta yi miya da shi, ya kasa kai loma baki don kunya.

Mako uku ya yi a haka, ya rame. Ran Juma'a bayan masallaci ya hau keke napep zuwa Nukkai. A ƙofar gidanta ya karɓi zoben, ya ɗaga 'yar hular zinariyar, ya warware 'yar takardar ya nuna mata guntun tsinin, bai kai ƙwayar gero ba.

Ta daɗe tana kallo.

"Baba, da ka faɗa mini ranar, da na yafe tun ranar. Dutse ne. Amma ka bari na tsaya gaban mutane ina rantsuwa da sunanka."

Ta ninke takardar ta shige gida. Ba ta gaya wa kowa ba, ba ta kuma sake zuwa ba.

Yana nan kan bencinsa har yau, matan cocin suna zuwa suna kiransa Baba mai amana, yana amsawa kansa a ƙasa. In ya fara lissafin yanka, daga kwalekwale yake tsayawa, ba ya kaiwa ga hawaye.